Kwaltar Shanyar Kuɓewa

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na ajin Islamiyya. Tun ranar da munka dawo daga ƙasar Adar ba ku bar ni na kwance goyo ba. Wagga ta tare ni bakin rijiya, waccan ta aiko a tambaye ni wai da gaske ne mun ƙetare iyaka don mu biɗo tudu. Hadiza har cewa ta yi da na yi mata magana da ta nuna mani tudun shara na bayan gidansu, kyauta. To, ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, a karanta wa waɗanda ba su iya ba. Karatuna bai yi nisa ba, inda kunka ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba. Baban Ummi, maigidana, gyaran keke yake yi a kasuwar Sabon Birni. Tun kafin aurenmu shina ɗaukar kaya bisa keke ya kai Isa ya dawo rana ba ta faɗi ba. Bara wani malamin wasanni daga Sakkwato ya gan shi a wani tseren samari, ya sa sunanshi cikin waɗanda za a gwada a Filato. Wanda ya ci gwajin za a ɗauke shi cikin masu yi wa jiha tseren keke. Amma malamin bai ɓoye mishi ba, yac ce can ƙasar duwatsu ce, wanda ƙafarshi ba ta san hawa mai tsawo ba tun a tudun farko za a bar shi. Yac ce ya biɗi kwalta mai hawan da zai ci minti ashirin ko fiye, ya yi ta hawa shina sauka.

Ku kun san ƙasarmu, shimfiɗe take kamar faifai. Kun kuma san halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu, ba mai barin nashi ya yi nisa cikin daji shi kaɗai. Saura mako uku gwajin, mutumin ga bai taɓa hawan abin da ya fi gadar gulbi ba.

Surukata ce ta tuna da Gwaggo Hajo, ƙanwar babana da ke aure wani ƙauye gaba da Buza. Tac ce ai can dutse har cikin ɗaki. Shi ba ya iya sauka gidan surukai shi kaɗai, sai anka ce in goya Ummi mu tafi tare, kwana tara, Gwaggo ta ga jikarta. Ni ban so ba. Ni ce wadda in Ummi ta yi atishawa sau biyu sai na kai ta asibiti. Amma ban ɓoye maku ba, ina son in ga yadda mutane ke zama cikin dutse.

Da hantsi munka tashi, motoci huɗu a jere kamar yadda ake yi yanzu. Yaran mota sun so su ɗaure keken bisa buhunan gero, yac ce sai dai a ɗaure shi shi. Keken na hannu ne, wani ya kawo mishi daga Kwatano. Tayarshi ba ta fi kaurin yatsana biyu ba, kanshi a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ya cire tayoyin, ya naɗe shi cikin bargon aurenmu, ya rungume shi a cinya kamar marar lafiya. Ni da Ummi muna takure a gefe. Wata tsohuwa mai zuwa Bangi ta leƙa tac ce, “Sannu malam, mi ya same shi?” Ta ɗauka yaro ne.

Kafin iyaka ban yi magana da kowa ba, addu'a nike ina kallon kowane kurmi. Da munka iso wurin jandarmomi anka ce kowa ya sauka da katinshi. Wani jandarma dogo, Bazabarme, ya dubi tsagen fuskar Baban Ummi ya yi murmushi. Kun san Zabarmawa da Gobirawa abokan wasa ne.

Yac ce, “Kai Bagobiri, bawana, mi kaka ɓoye cikin bargo?”

Baban Ummi yac ce, “Abin da Bazabarme bai iya hawa ba, ranka shi daɗe.”

Anka kwance bargon. Jandarman ya ɗaga keken da yatsa biyu, ya kira abokan aikinshi su ɗaga su ji. Yac ce ina za mu da shi. Da ya ji amsa ya yi dariya har ya dafa mota. “Kun ji Bagobiri! Kowa na roƙon Allah ya sauƙaƙa mishi hanya, shi ya biyo mota da iyali shina biɗar tudu.” Ya dubi katin rigakafin Ummi, ya ba ta alewa, yac ce mani, “Madam, Allah shi ba ki haƙuri.” Karo na farko ke nan da wani ya ce mani madam.

A Madawa munka canza mota. Garin duk warin albasa, buhuna jibge har sun fi ɗaki tsawo. Na ga burodinsu dogo kamar taɓarya, ba a sa shi leda, a hamata ake riƙe shi. Na gutsura na ji ɓawon ya kusa yanka mani dasashi, amma cikin da daɗi. Mai shayi ya ba mu shayi cikin kofi ɗan mitsitsi, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya na tashi, ashe sau uku ake yi, na ƙarshen ne mai zaƙi. Na tashi a na ɗacin.

Bayan Madawa ƙasa ta fara canzawa. Duwatsun ba masu tsini ba ne, kansu a baje kamar an yanke da wuƙa, jajaye da baƙaƙe. Gonakinsu duwatsu ne jere layi-layi don su tare ruwa. Na ce a raina mu da muke kukan rairayi ashe ba mu san wahala ba. Baban Ummi kuwa wuyanshi har ya ƙage don leƙe.

Gwaggo ta tarbe mu da guɗa. Ta karɓe Ummi, tac ce hancinta na babana ne. Ni anka sa ni ɗakin Gwaggo, shi kuma anka share mishi shago a waje kusa da zaure. Duk zamanmu muna magana a tsaye bakin zaure kamar masu zance. Hurarsu ta fi tamu ruwa, nonon akuya ake damawa da shi, kuma tun safe har yamma ƙwaryar na nan, duk wanda ya shigo ya kurɓa. Akwai cuku, nono ne busasshe fale-fale, ana daka shi cikin hura ko a ci da shayi. Ruwa kuwa rijiyarsu sai an haɗa igiya uku. Rana ta farko na zubar da ruwan wankan Ummi a tsakar gida, sai na ga kowa ya bi ruwan da kallo. Can ba a zubarwa, tumaki ake ba.

Washegari mijin Gwaggo, Baba Alu, ya tara dattawa inuwar masallaci don a nuna wa suruki hanya. Ina jiyo su ta katanga.

Wani yac ce, “Ina za ka?”

“Ba inda za ni, Baba. Tudu nike biɗa, mai tsawo, in hau in sauko.”

“In ka hau mi za ka ɗauko?”

“Ba komi.”

Sai Baba Alu yac ce, “Ku gane, kunya yake ji. Kasuwar Keita yake son gani.” Sunka zana mishi hanya a ƙasa da kara.

Abin da ban sani ba sai daga baya, can abin kunya ne baƙo ya tambayi hanya a tura shi ta wahala. Balle suruki. Duk wanda ka tambaya sai ya zaɓo maka wadda ta kewaye dutse, ko da ta fi nisa. Waya kuma ba ta taimaka ba, taswirar cikinta zare kawai take nunawa, ba ta cewa ga tudu ga kwari, ba ta cewa ga kwalta ga burji.

Ranar farko ya fita da dogon wandonshi bisa matsattsen gajeren na tsere, sai ya bar gari yake tuɓewa. Ya dawo da azahar yac ce babbar kwaltar, kwari take bi, tudunta kafin ka ji shi ya ƙare, ga manyan motocin albasa na hura mutum gefe. Rana ta biyu yac ce ko burji ne a ba shi, in dai da hawa. Duwatsun burjin sunka fasa mishi taya biyu, ya dawo bisa amalanken jaki rungume da kekenshi. Rana ta uku Baba Alu ya ga abin ya isa, ya haɗa shi da ƙanenshi Baba Haruna mai babur ya raka shi. Sunka samu wani ɗan tudu mai kyau. Baban Ummi ya miƙe tsaye bisa feda ke nan, sai ya ji keke ya yi sauƙi. Ashe Baba Haruna ne ya sa ƙafa a bayan sirdi shina tura shi da babur, har bisa. Da sunka dawo shina ba da labari da alfahari, “Wallahi ban bari ya yi gumi ba.” Baban Ummi yac ce, “Na gode, Baba.” Na ga idonshi ya yi ja.

Ranar Talata Gwaggo tac ce in ɗauki kwano ɗaya in raka ta shanya. Kaka ce, kuɓewa ta yi yawa. Munka bi bayan gari, munka ratsa wani tsagi tsakanin duwatsu biyu. Ina fitowa na tsaya cik. Kwalta. Baƙa sumul, ba rami ko ɗaya, ta nannaɗe dutsen tana hawa har inda idona ya ƙare. Kuma ba a ganin rabinta don shanya: kuɓewa, barkono, zoɓo, gyaɗa, kowace mace ta kewaye wurinta da tsakuwa.

Wata tsohuwa na zaune da sanda tana korar awaki. Ita ce Inna Tsahara, ita ke raba wa mata wuri. Na gaishe ta nic ce, “Inna, wagga hanya ina ta nufa?”

Tac ce, “Wace hanya?”

“Wadda muke bisa.”

“A'a ɗiyata, wagga ba hanya ba ce. Masu fasa dutse sunka shimfiɗa ta don motocinsu, lokacin da anka yi babbar kwalta. Sun gama sun tafi. Can bisa ba gari ba rijiya, rami ne kawai. Hanya ai mai kai mutum wurin mutane ce. Wagga wurin shanyarmu ne.”

Shi ya sa ko namiji ɗaya bai ambace ta ba. Su maza ba su ma zuwa wurin.

Na bar Ummi hannun Gwaggo nic ce za ni in ga bisa. Na yi ta tafiya har shanya ta ƙare, kwalta ba ta ƙare ba. Cinyoyina sunka ɗau zafi. Zuciyata na cewa ga abin da bawan Allah ke nema. Sai na iso wata kwana inda hanyar ta juya kamar gwiwar hannu. Gefe ɗaya bango, gefe ɗaya ba komi, ko dutse ba a jera ba. Na leƙa. Can ƙasa ga gawar wata tifa ta yi tsatsa, tayoyinta sama, ƙaya ta tsiro cikinta.

Na zauna nan ƙasa. Na san yadda yake gudu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ma. Na tuna tayar nan mai kaurin yatsa biyu, da ɗan robar birki da bai kai ƙwayar dabino ba. Na tuna Ummi ko haƙori huɗu ba ta cika ba.

Da munka koma gida ya tare ni bakin zaure yac ce, “Luba, ina kunka je?”

Nic ce, “Shanya.”

Ban yi ƙarya ba. Amma ban ƙara ko kalma ba.

Laraba ya koma babbar kwalta. Alhamis bai fita ba sam. Ina leƙen shi ta zana, ya kifa keken shina goge sarƙa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya riga ya goge jiya. Hura ta ƙi shiga mani. Gwaggo na tankaɗe, ba ta ko dube ni ba tac ce, “Tun ranar Talata kin zama kamar kazar da ta ga shaho. Ni ban san keke ba. Amma na yi shekara talatin da namiji, na san wanda anka hana abu da wanda Allah ya hana. Na biyun shina haƙura.”

Bayan azahar ya aiko a kira ni. Ya miƙo mani cuku a takarda yac ce in kai wa innata tsaraba. Yac ce, “Gobe bayan Juma'a mu koma gida. Na wahalar da ke da yarinya a banza. Za ni buga wa malam in ce ya ba wani wurina, kar in je in ba jiha kunya.”

Da ya yi faɗa da na iya yin shiru. Amma a hankali ya faɗe shi, har da ɗan murmushi.

Nic ce, “Akwai kwalta bayan gari.”

Ya dube ni. Na faɗa mishi duka, tsagin dutsen, shanyar, tsawonta, kwanar, har tifar.

Yac ce, “Tun yaushe kika sani?”

“Tun Talata.”

Ya daɗe shina juya sifana a hannu. Na jira faɗa. Sai yac ce, “Tifar ce?”

Nic ce, “Ita ce.”

Yac ce, “To, ki nuna mani kwanar da kanki.”

Sai dai wurin na mata ne, ba a shiga haka nan. Da la'asar munka je, shi ya tsaya nesa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ni da Gwaggo muna kai magana muna kawowa. Inna Tsahara ta sa anka maimaita mata sau uku.

Tac ce, “Ya hau, ba ya ɗauko komi, ya sauko, ya sake hawa? Ɗiyata, an kai shi wurin malamai kuwa?”

Mata sunka fashe da dariya. Wata tac ce in ya taka mata barkono sai ya ci shi ɗanye. Daga ƙarshe Inna ta yanke: daga sallar asuba har rana ta taɓa wani farin dutse da ta nuna da sanda, kwalta tashi ce, ba mai baza komi. Shi kuma kullum ya share kashin awaki da tsakuwa tun daga ƙasa har kwanar, ya kuma gyara mata baronta da ya shekara ba taya. Yac ce ya yarda. Sharar ma ai shi ta yi wa amfani.

Ranar Juma'a da sassafe mata sun fi ashirin a bakin tsagi, kowa da kwanonta a kai, wai sun zo jiran wuri. Baban Ummi ya taso da ƙarfi kamar an koro shi. Kafin ya kai rabi ya fara tangaɗi, ya sauka, ya duƙa ya amayar da hurar da ya sha. Ya tura keken da hannu. Wata ta ɗaga murya, “Suruki, a kira Haruna da babur?”

Da ya sauko Inna Tsahara ta ce in gaya mishi, “Ya taɓa ganin jakin da ya fara dutse da gudu? Jaki ƙanana-ƙanana yake takawa, kuma ba ya ɗaga kai ya ga saura nawa. Ya bar cika ciki kafin ya hau.” Na gaya mishi ina jin kunya. Yac ce abin da malamin Sakkwato ya faɗa ke nan, sai dai shi bai sa jaki ba.

Munka ƙara kwana huɗu bisa waɗanda munka yi niyya. Asabar ya sauka sau ɗaya. Lahadi ya kai har ramin bai sa ƙafa ƙasa ba, ya duba agogo yac ce minti ashirin da shida. Daga nan ya koma hawa biyu, sannan uku.

Ni kuwa wurina kwanar ne. Kullum nakan riga shi hawa da Ummi a baya da sandar Inna a hannu, don awaki sun saba kwanciya daidai nan. Hawan bai dame ni ba, shina wuce ni a hankali shina huci, har in ce sannu ya ɗaga gira. Saukowar ce. Sai ka ji wani zuu kamar zuma tun daga sama, kafin ka ce mi ne ne ya iso. Kwana biyun farko rufe ido nike in yi ta salati har ƙarar ta wuce. Rana ta uku na ce in dai za a yi a yi ina gani. Na ga ashe tun nesa yake kama birki, ya buɗe zuwa gefen bango, ya kwantar da keken ya shige kamar zare cikin allura. Ba hauka yake ba, ya san abin da yake yi. Tsoron bai tafi ba, amma ya koma wanda ake iya cin abinci da shi.

Ranar da za mu taho Inna Tsahara ta aiko mani da busasshiyar kuɓewa cike da ƙwarya, a cikin baronta mai sabuwar taya. Baba Alu har yau bai gane ba. Da muna sallama ya riƙe hannun Baban Ummi ya roƙe shi ya yafe masu, baƙo ya zo garinsu ya ƙare a wurin shanyar mata.

Mun iso gida lafiya, ya kwana biyu ya wuce Filato. Ranar gwajin ban iya dafa komi ba. Da la'asar waya ta yi ƙara, muryarshi a dishe. Yac ce mutum shida anka ɗauka, shi ne na shidan. Yac ce a hawa na ƙarshe ya wuce mutum uku da sunka fara da gudu.

Na yi hamdala, surukata ta yi guɗa. Sai yac ce, “Luba, malam ya ce wata mai zuwa za a kai mu wani wuri da duwatsunshi sunka ninka waɗannan.”

Na zauna bakin gado da waya a hannu. A kwana-kwanar hanyoyin can ba ni ba sanda, ban san wa zai kore mishi awaki ba. Na duba ko akwai wanda za ni ɗora wa laifi, ban samu ba. Da bakina na ce akwai kwalta bayan gari.

Nic ce, “Allah shi kiyaye. Ka canza robar birki kafin ku tafi.”